Daga Gizago Zuwa Kwamfuta: Tarihin Allon Hawan Igiyar Ruwa

Gabatarwa

Mai karatu, duk wanda ya bi wasannin Olamfik na Tokyo da aka yi a 2021, ko na Faris na 2024, ba mamaki ya ci karo da wani wasa mai ban al'ajabi, inda mutum zai kwanta rub da ciki a kan wani allo a cikin teku, ya yi ta tuƙi da hannuwansa, da zarar igiyar ruwa ta taso ta ɗauke shi sai ya yi wuf ya miƙe tsaye, ya riƙa sululu a jikinta yana karkatawa dama da hagu kamar mahayin da ya ƙware da linzami. Wannan shi ake kira hawan igiyar ruwa.

Mai kallo daga nesa zai ɗauka gwanintar duk ta mahayi ce, allon kuwa katako ne kawai. Alhali kuwa ba haka abin yake ba. Kowace lanƙwasa da ke jikin wannan allo tana da dalilinta, tana da wanda ya fara sassaƙa ta, kuma tana da irin igiyar da aka yi ta dominta. A wannan muƙala za mu bi tarihin surar allon, tun daga zamanin sarakunan tsibiran Hawayi har zuwa yau, domin mu ga yadda sauya tsawo, ko faɗi, ko nauyi, yake sauya abin da ɗan Adam zai iya yi a kan ruwa. Za mu kuma ga cewa duk sa'ad da surar allo ta sauya, sai an buɗe wa wasu ƙofar teku, an rufe wa wasu.

Sassan Allo da Aikin Kowannensu

Kafin mu shiga tarihi, ya kyautu mu san abin da ake magana a kansa. Igiyar ruwa tafiya take yi, kuma ba ta ɗaukar wanda ke tsaye cik. Dole mahayi ya tuƙa allonsa har gudunsa ya kusa kamo nata. A nan tsawo da kauri suke da amfani, domin allo mai tsawo, mai jiki, ya fi tasowa saman ruwa, ya fi saurin tuƙuwa, don haka ya fi kama igiya da wuri. Sai dai kuma idan an hau, juya shi aiki ne, kamar dai juya babbar mota a lungu.

Abu na biyu shi ne gantsarwar allo, wato yadda hancinsa da wutsiyarsa suka ɗan ɗaga sama idan an kalle shi ta gefe. Allo shimfiɗaɗɗe yana gudu a kan ruwa mai kwanciya, amma idan igiya ta miƙe kamar bango sai hancinsa ya cake cikin ruwa ya kayar da mai shi. Mai gantsarwa kuwa yana dacewa da lanƙwasar igiya, yana juyawa cikin ƙanƙanin wuri, amma yana ture ruwa da ƙirjinsa, don haka ba shi da gudu a ƙaramar igiya.

Na uku ita ce wutsiya. Faffaɗar wutsiya tana ba ruwa wurin da zai ɗaga allo, shi ya sa take da amfani a igiya marar ƙarfi. Siririyar wutsiya mai tsini kuwa nutsewa take yi cikin ruwa ta riƙe shi gam, ita ake so a igiya mai tsayi da hatsari. Na huɗu su ne gefuna: gefe mai kewaye ruwa yana nannaɗe shi ya riƙe, gefe mai kaifi kuwa sakin ruwa yake yi, allo ya ƙara gudu. Na biyar shi ne fiffiken da ake kafawa a ƙarƙashin wutsiya, wanda ke hana ta zamewa gefe, kuma a kansa mahayi ke dogara idan zai juya.

Kowanne daga cikin waɗannan, abin da ya ba ka da hannun dama sai ya karɓi wani da hagu. Tarihin allon gaba ɗaya tarihin wannan ciniki ne.

Zamanin Sarakunan Hawayi

Mutanen tsibiran Folinishiya da ke tekun Fasifik sun daɗe suna wasa da igiyar ruwa, amma a Hawayi ne abin ya kai matuƙa. A harshensu suna kiran sa he'e nalu, wato sululu a kan igiya. Kyaftin James Cook na Ingila ya isa tsibiran a 1778, aka kashe shi a can a 1779, kuma a wannan shekarar ce wani hafsansa mai suna James King ya rubuta bayanin yadda ya ga mutanen wurin suna wannan wasa. Al'ada ce da ta riga ta kafu, maza da mata suna yi, har caca ake yi a kan wanda zai riga isa gaɓa.

Masassaƙan Hawayi suna da alluna iri-iri. Akwai paipo, ɗan gajere, wanda ake hawa a kwance. Akwai alaia, mai tsawon ƙafa 7 zuwa 12, siriri ƙwarai, galibi daga itacen koa, hancinsa a kewaye, wutsiyarsa a yanke. Sannan akwai olo, allon sarakuna, mai kauri da tsawo, wanda aka fi son a sassaƙa daga itacen wiliwili saboda rashin nauyinsa. A gidan tarihi na Bishop da ke Honolulu an adana allunan wani basarake mai suna Abner Paki, waɗanda a cikinsu akwai wanda ya haura ƙafa 15, nauyinsa kuma ya wuce kilo 60. Da gizagon dutse ake sassaƙa su, a goge da murjani, a shafe da man ƙwallon kukui domin kada ruwa ya shige su.

Babu ɗayansu da ke da fiffike, amma kowanne da igiyar da ya dace da ita. Olo, saboda tsawonsa, yana kama igiya tun tana nesa, tun ba ta fara karyewa ba, ya tafi da mahayi doguwar tafiya a miƙe, kamar yadda igiyar Waikiki take. Alaia kuwa ba ya tasowa sosai, tuƙa shi wahala ne, amma siririn gefensa yana yanka jikin igiya mai tsayi, ya ba gwani damar karkatawa. To, a nan mai karatu zai lura da wani abu: tunda olo na sarakuna ne, kuma shi ke riga kowa kama igiya, to surar allon kanta tana tabbatar da cewa basarake ne zai fara hawa. Sarauta ta bi mutane har cikin teku.

Gaɓar Afirka ta Yamma

Ba Fasifik kaɗai aka san wannan wasa ba. Wani masanin tarihi ɗan Amurka, Kevin Dawson, a littafinsa Undercurrents of Power na 2018, ya tattaro bayanan Turawan da suka ziyarci gaɓar ƙasar da ake kira Gana a yau. Mafi daɗewa a cikinsu na wani Bajamushe ne, Michael Hemmersam, daga shekarun 1640, wato fiye da shekara ɗari kafin zuwan Cook Hawayi. Haka nan a 1834 wani sojan Birtaniya, James Alexander, ya ga yara a Akara suna shiga teku da ƙananan alluna marasa nauyi a ƙarƙashin cikinsu, suna jiran igiya ta kawo su gaɓa.

Allunan wannan yanki gajeru ne, domin igiyar wurin a kusa da gaɓa take karyewa, da ƙarfi kuma. Wasan kuwa makaranta ce ga 'ya'yan masunta, da shi yaro ke koyon halin igiya kafin ya girma ya ratsa ta da kwalekwale. A 1963 wasu samari 'yan Kalifoniya suka zo Sanigal da Gana da Legas da dogayen allunansu, suna ɗaukar fim ɗin The Endless Summer, wanda ya bazu a duniya a 1966. Fim ɗin ya bar masu kallo da zaton cewa su ne suka kawo wa Afirka wasan. Rubuce-rubucen da Dawson ya tono sun nuna akasin haka.

Faɗuwa da Farfaɗowa

A 1819 aka rushe tsarin kapu, wato dokokin gargajiya da suka tsara rayuwar Hawayi, a 1820 kuma 'yan mishan daga Amurka suka iso. Ba su yi na'am da wasan ba, saboda tsiraici da caca da cuɗanyar maza da mata. Amma abin da ya fi yi wa al'adar illa shi ne cututtukan da baƙi suka shigo da su, waɗanda suka rage 'yan asalin tsibiran daga dubban ɗaruruwa zuwa kimanin 40,000 a ƙarshen ƙarni na 19. Aka hamɓarar da Sarauniya Lili'uokalani a 1893, Amurka ta haɗe ƙasar a 1898. Masassaƙa suka ƙare, sanin sirrin olo da alaia ya kusa bin su kabari.

Duk da haka wasan bai mutu ba. A 1885 wasu 'ya'yan sarauta uku na Hawayi da ke karatu a Kalifoniya sun hau igiya a Santa Cruz da allunan da aka yanka musu daga jan katakon yankin. George Freeth ya kai wasan kudancin Kalifoniya a 1907. Sai kuma Duke Kahanamoku, wanda ya ci zinare a ninƙaya a Olamfik na 1912, ya nuna shi a bakin tekun Freshwater kusa da Sidni ta Ostireliya a ƙarshen 1914.

Allunan wannan zamani falanki ne zalla, tsawon ƙafa 10 ko fiye, nauyi kuma yakan kai kilo 45. A miƙe kawai suke tafiya, idan mahayi zai karkata sai ya ja ƙafarsa ɗaya cikin ruwa. Nauyin kaɗai ya isa ya kori yara da yawancin mata daga wasan. Amma tsawon nan yana da ranarsa. A watan Yuni na 1925 wani jirgin kamun kifi ya kife a Corona del Mar, Duke ya yi ta kai da komo a kan allonsa har ya ceto mutum takwas. Daga nan masu aikin ceto a bakin teku suka ɗauki allo a matsayin kayan aiki.

Tom Blake: Rami da Fiffike

Mutumin da ya fara taɓa surar allo da gaske a ƙarni na 20 shi ne Tom Blake, Ba'amurke ɗan jihar Wisconsin. Ya je gidan tarihi na Bishop ya nazarci tsofaffin allunan sarakuna, ya ga amfanin tsawonsu, ya kuma ga matsalar nauyinsu. A 1926 ya huda ɗaruruwan ramuka a jikin wani falanki ya rufe da siririn katako. Daga baya ya ƙera allo mai rami a ciki, da haƙarƙari kamar na jirgin ruwa, ya sami takardar mallakar fasaharsa a 1932. Nauyi ya ragu da kusan rabi. Allon ya yi fice a tseren tuƙi da aikin ceto, sai dai gefunansa a miƙe suke kamar na akwati, don haka bai iya juyi ba.

A 1935 Blake ya ciro wani ɗan ƙarfe daga ƙarƙashin wani yasasshen jirgi mai inji ya kafa a wutsiyar allonsa. Wannan shi ne fiffike na farko. Nan take wutsiyar ta daina zamewa. Amma mutane ba su karɓe shi da wuri ba, wasu na tsoron ya yanke su, sai da aka yi shekara goma da wani abu kafin ya zama ruwan dare.

A Hawayi kuwa wasu samari, John Kelly da Wally Froiseth da Fran Heath, sun bi wata hanyar. A wajajen 1937, bayan sun gaji da yadda faffaɗar wutsiya ke zamewa a babbar igiya, sai aka sa gatari aka fafe gefunanta ta zama siririya. Allon da suka kira Hot Curl ya riƙe jikin igiya ba tare da fiffike ba, ya ba su damar bin ta a karkace, dab da inda take karyewa. Dukkan allunan manyan igiyoyi na yau jikokinsa ne.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu

Yaƙin ya bar wa masana'antun Kalifoniya sababbin kayan aiki: zaren gilashi, da danƙon da ke daskarar da shi, da kumfar roba. Wanda ya fara haɗa su da lissafi shi ne Bob Simmons, wanda ya yi karatun injiniya a Caltech, kuma hatsarin keke ya nakasa masa hannu ɗaya, abin da ya sa ɗaukar falanki ya zame masa azaba. Ya karanta littafin Lindsay Lord na 1946 a kan jiragen ruwa masu gudu a saman ruwa, ya fahimci cewa allo idan ya ɗauki gudu ba iyo yake yi ba, tasowa yake yi bisa fuskar ruwa. Sai ya faɗaɗa wutsiya, ya ɗaga hanci kamar cokali, ya sirance gefuna, har ya gwada fukafukai biyu. Teku ta cinye shi a Windansea a 1954.

Abokan zamaninsa, Joe Quigg da Matt Kivlin, sun sassaƙa alluna daga balsa, wani itace marar nauyi, suka lulluɓe da zaren gilashi. Nauyi ya sauko zuwa kilo goma sha wani abu. A bakin tekun Malibu 'yan mata suka shigo wasan, kuma maza da suka ari allunansu suka gano cewa sun fi nasu daɗin juyawa. A 1955 Dale Velzy ya mayar da wurin da allo ya fi faɗi zuwa baya, kusa da inda mahayi ke tsayawa, juyi ya ƙara sauƙi. A 1956 wata tawagar masu aikin ceto ta Amurka ta kai irin waɗannan alluna Ostireliya, shi ya sa har yau can ake kiran dogon allo da sunan Malibu.

Da balsa ya fara wuyar samu, Hobie Alter da Gordon Clark suka koma ga kumfar roba mai tauri a 1958. Allo ya yi araha, ya yi yawa, fim ɗin Gidget na 1959 kuma ya cika bakin teku da matasa. Wasan sarakuna ya zama na kowa, cunkoso kuma ya biyo baya.

Raƙuman Ruwa

Mai karatu ya sani cewa gwargwadon girman igiya, gwargwadon gudunta. Wanda ke son kama raƙumin ruwa da ƙarfin hannunsa dole ya nemi allo dogo, siriri, mai tsini gaba da baya. George Downing ya ƙera irinsa a farkon shekarun 1950 domin igiyar Makaha, inda ya haɗa siririyar wutsiyar Hot Curl da fiffike. Mahaya suka laƙaba wa irin wannan allo sunan bindigar harbin giwa. A watan Nuwamba na 1957 Greg Noll da abokansa suka hau igiyar Waimea, wadda aka daɗe ana tsoro. Wannan allo ba don ado ko juyi aka yi shi ba, aikinsa biyu ne: ya shigar da kai da wuri, ya fitar da kai da rai.

Juyin Juya Halin Gajeren Allo

Har zuwa tsakiyar shekarun 1960 allon da aka saba da shi ƙafa 9 zuwa 10 ne, gwaninta kuwa ita ce mahayi ya taka sannu a hankali har ya tsaya a kan hanci. Wanda ya rushe wannan tsari ko tsayuwa ba ya yi a kan allo. George Greenough, ɗan Santa Barbara, a durƙushe yake hawa, a kan ɗan gajeren allo mai lanƙwasuwa, da dogon fiffike siriri wanda ya kwaikwayo daga wutsiyar kifin tuna. Yana hawa sama ya sauko ƙasa a jikin igiya, yana juyi a wuraren da masu dogon allo ba sa iya kaiwa.

'Yan Ostireliya suka ce me zai hana a yi haka a tsaye? A 1966 Nat Young ya ci gasar duniya a San Diego da allo siriri mai tsawon ƙafa 9 da inci 4, ɗauke da fiffiken Greenough. A 1967 Bob McTavish ya rage tsawon, ya sassaƙa ƙarƙashin wutsiya da tudu a tsakiya, domin allo ya riƙa kwantawa daga gefe zuwa gefe cikin sauƙi. A Hawayi Dick Brewer ya gajarta allon manyan igiyoyi. Kafin 1970 an yanke kusan ƙafa uku daga tsawon allo. Tun daga nan manufar wasan ta sauya: maimakon gudu daga inda igiya ke karyewa, sai aka koma neman zama a cikinsa. A Pipeline, inda igiya ke naɗewa ta zama kogo a kan duwatsun murjani, Gerry Lopez ya nuna yadda siririyar wutsiya da gefuna masu kaifi ke ba mutum damar shiga kogon ya fito.

A farkon shekarun 1970 kuma aka shigo da talalar da ke ɗaure allo da ƙafar mahayi. Da can wanda ya faɗi sai ya yi iyo ya bi allonsa har gaɓa, don haka marar iya ninƙaya ba ya kusantar wurin. Talala ta kawar da wannan shinge. An yi riba, amma an yi hasara, domin tsofaffin mahaya da yawa sun kasa gajeren allo sun bar wasan, kamfanonin dogon allo da dama kuma suka durƙushe.

Fiffike Ɗaya, Biyu, Uku

Gajeren allo mai fiffike ɗaya yana riƙe babbar igiya, amma a ƙarama yakan mutu a tsakiyar juyi. Tun 1967 Steve Lis na San Diego ya ƙera wani gajere, faffaɗa, mai wutsiya a tsage kamar ta kifi, da fukafukai biyu, wanda ke gudu ko a igiya marar ƙarfi. Mark Richards na Ostireliya ya gyara wannan tsari ya ci gasar duniya sau huɗu a jere, daga 1979 zuwa 1982. Aibinsa shi ne a babbar igiya wutsiyar takan kufce.

Simon Anderson, wani ƙaƙƙarfan mutum daga Narrabeen, nauyinsa ya sa fukafukai biyu suna zame masa. A ƙarshen 1980 ya kafa na uku a tsakiya, can baya, duka ukun kusan girmansu ɗaya, ya sa wa allon suna Thruster. Na gefe biyu suna ba da gudu a cikin juyi, na tsakiya yana riƙe wutsiya. Ba shi ya fara sa uku ba, domin 'yan'uwan nan Malcolm da Duncan Campbell sun gwada nasu salon shekara goma kafin nan, amma nasa ne ya karɓu. Da fari an yi masa dariya. A 1981 ya ci gasar Bells Beach cikin manyan igiyoyi, ya ci ta Sidni, ya rufe shekara da ta Pipeline. Cikin 'yan shekaru kusan duk ɗan gasa ya koma kan fukafukai uku. Anderson bai yi rajistar mallakar fasahar ba, don haka duniya ta kwafa kyauta. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Rigar Aro

A farkon shekarun 1990 Kelly Slater, wanda ya ci gasar duniya sau 11 tsakanin 1992 da 2011, ya fito da allunan da Al Merrick ke sassaƙa masa: sirara, faɗinsu bai kai inci 18 ba, da gantsarwa mai yawa. A ƙarƙashin ƙafarsa abin kallo ne. Sai jama'a suka ruga suka sayi irinsu, suka wayi gari ba sa ko iya kama igiya, domin allon ba ya ɗaukar nauyinsu. An yi shekaru ana wannan wahala kafin mutane su tuna cewa rigar aro ba ta rufe katara. Daga tsakiyar shekarun aka fara komawa ga dogon allo da mai wutsiyar kifi.

A 1992 kuma Laird Hamilton da Buzzy Kerbox da Darrick Doerner suka fara jan juna cikin igiya da jirgi mai inji. Tunda inji ya ɗauke wahalar tuƙi, tsawo ya rasa amfaninsa, sai allon manyan igiyoyi ya koma gajere, da maɗaurin ƙafa, har ana ƙara masa darma domin kada iska ta ɗaga shi. Da wannan dabara Sebastian Steudtner na Jamus ya hau igiya mai tsayin mita 26.21 a Nazare ta ƙasar Fotugal a watan Oktoba na 2020.

Zamanin Kwamfuta

Ranar 5 ga Disamba, 2005, kamfanin Clark Foam, wanda ke samar da mafi yawan kumfar da masassaƙan Amurka ke aiki da ita, ya rufe ba zato ba tsammani, mai shi yana kuka da matsin dokokin kare muhalli. Ƙananan masassaƙa suka shiga tasku. Wannan ya hanzarta komawa ga wasu nau'o'in kumfa da danƙo, ya kuma ƙarfafa manyan masana'antun Tailan da Sin. A yau akasari a kwamfuta ake zana allo, inji ya yanka, mutum ya ƙarasa da hannu. Kwamfuta ta kuma kawo awon jikin allo da lita: na 'yan gasa yakan kama lita 25 zuwa 35, dogon allo kuwa yakan haura 60. Da wannan awo mai saye zai iya gwada allo da nauyin jikinsa kafin ya biya.

Abin sha'awa, a daidai wannan lokaci ne wani masassaƙi a Ostireliya, Tom Wegener, ya koma ga allunan gidan tarihi na Bishop, ya farfaɗo da alaia. Da gwanaye suka hau wannan siririn katako marar fiffike, sai suka tarar yana da gudu na ban mamaki, domin babu abin da ke jan ruwa a ƙarƙashinsa. Ashe masu gizagon dutse sun san abin da suke yi.

Kammalawa

Mai karatu, idan muka tattara, za mu ga cewa babu allon da ya fi kowanne. Dogo yana kama igiya da wuri amma ba ya juyi, gajere yana juyi amma sai mai ƙarfi da ƙwarewa, siririyar wutsiya ta babbar igiya ce, faffaɗa ta ƙarama. Mai hankali yakan dubi igiyar garinsu da nauyin jikinsa kafin ya dubi abin da zakara ke hawa.

Haka kuma sunayen da tarihi ya riƙe galibi na Amurkawa ne da 'yan Ostireliya, domin su aka rubuta, su aka ɗauka a fim. Masassaƙan Hawayi da na gaɓar Gana ba a san sunayensu ba, kuma da ba a adana allunan Paki ba, da Blake da Wegener ba su sami abin nazari ba. Sana'ar da ba a rubuta ba, ba a adana kayanta ba, wata rana baƙo ne zai zo ya ce shi ya ƙirƙiro ta.

Da aka shigar da wasan Olamfik a karon farko a Tokyo, zinaren mata ya tafi hannun Carissa Moore, 'yar asalin Hawayi, ƙasar da wasan ya kusa mutuwa a cikinta. Na maza kuwa Italo Ferreira na Barazil ne ya ɗauka, ɗan mai sayar da kifi, wanda ya koyi hawan igiya a kan murfin akwatin kumfa da mahaifinsa ke adana kifi a ciki. A igiyarsa ta farko a wasan ƙarshe allonsa ya karye gida biyu, ya karɓi wani ya koma ruwa ya ci gasar. Allah Ya sa mu dace, amin.